Mudun Zaɓe a Amurka da Zancen Shugabancin Mace

Tun daga shekarar 1789, sa'ad da aka naɗa George Washington, har zuwa yau, mutum 45 ne suka hau kujerar Shugaban Ƙasar Amurka, dukansu kuwa maza ne. An yi zaɓe sau 60. A cikinsu sau biyu kaɗai wata babbar jam'iyya ta tsai da mace, watau Hillary Clinton a 2016 da Kamala Harris a 2024. Duka biyun ba su samu ba, kuma mutum ɗaya ne ya ka da su, shi ne Donald Trump. Daga nan sai wata magana ta bazu a bakin mutane, a can Amurka da sauran ƙasashe, wai Amurkawa ba su yarda mace ta shugabance su ba, saboda haka duk jam'iyyar da ta sake tsai da mace ta zuba ƙuri'unta a rijiya ke nan. Maganar gajeriya ce, ga daɗin faɗi. Amma kafin a karɓe ta ya kamata a auna ta tukuna, gama hukuncin gaggawa ya kan faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Awon kuwa ba zai yiwu ba sai an fara sanin irin mudun da Amurkawa su ke awo da shi.

Yadda a ke zaɓen

Amurka tarayya ce ta jihohi 50. Babbar dokar ƙasar, wadda aka rubuta a birnin Filadelfiya a 1787, ta gindaya sharuɗɗa uku ga mai neman shugabanci: ya zama haifaffen ɗan ƙasa, ya kai shekara 35, ya kuma zauna cikin ƙasar shekara 14. Ba a sa zama namiji cikin sharuɗɗan ba. Wa'adin shugaba shekara huɗu ne, tun daga gyaran dokar da aka yi a 1951 kuwa ba a zaɓen mutum fiye da sau biyu.

Manyan jam'iyyu biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. Tun daga farkon shekarar zaɓe kowace jam'iyya ta kan bi jiha jiha tana zaɓen fid da gwani, sa'an nan wajen watan Yuli ko Agusta a yi babban taro a tabbatar da wanda zai riƙe tuta, tare da mataimakinsa. Ranar zaɓen jama'a ita ce Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba.

To, a nan ne baƙo ya kan ruɗe. Talaka ya kan ga sunan ɗan takara a takarda ya sa masa alama, amma a wurin doka waɗansu wakilai ya zaɓa, su ne masu zaɓen shugaba. Yawansu 538. Kowace jiha tana da rabo daidai da yawan 'yan majalisarta. Majalisar Wakilai tana da mutum 435, an raba su bisa ga yawan jama'a, Majalisar Dattawa kuwa tana da 100, kowace jiha biyu, babba da ƙarama. Sauran ukun na babban birni ne, Washinton. Wanda ya sami 270 shi ya ci. Wakilan su kan taru a jihohinsu cikin watan Disamba su jefa tasu ƙuri'ar, Majalisa ta ƙidaya ran 6 ga Janairu, a rantsar da shugaba ran 20 ga watan. In kuwa ba wanda ya kai 270, sai Majalisar Wakilai ta zaɓa, kowace jiha ƙuri'a ɗaya.

Wanda ya san labarin zaɓen 1951 a Arewacin Nijeriya ba zai yi mamakin irin wannan shiri ba, gama shi ma hawa hawa aka yi shi. Masu biyan haraji na ƙauye ko unguwa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi na sama da su, har a kai ga taron lardi inda a ke fid da 'yan Majalisar Kaduna. Jam'iyyar NEPU ta taɓuka abin kirki a hawan farko cikin birnin Kano, amma da aka kai hawan ƙarshe ba ta sami kujera ko ɗaya ba. Wakilan Amurka dai kusan kullum su kan bi abin da jiharsu ta zaɓa. Duk da haka darasin ɗaya ne: in aka sa wani hawa tsakanin talaka da kujera, abin da aka zuba a ƙasa ba lalle ne shi zai fito a sama ba.

Aibin mudun

Aibi na farko shi ne ƙuri'u ba su da nauyi ɗaya. Jihar Kalifoniya tana da mutum wajen miliyan 39, wakilanta kuwa 54 ne a zaɓen 2024, watau kowane wakili yana tsaye a madadin mutum fiye da 700,000. Jihar Wayomin mutanenta ba su kai 600,000 ba, amma tana da wakilai uku, kowanne a madadin mutum ƙasa da 200,000. Ke nan ƙuri'ar mutumin Wayomin ta fi ta mutumin Kalifoniya nauyi fiye da ninki uku. Da a kasuwa ne aka kama mai awo da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, da sarkin kasuwa ya kai shi gaban alƙali.

Aibi na biyu ya fi wannan girma. In ban da jihohi biyu, Men da Nebiraska, duk wanda ya fi abokin takararsa a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya tak ce, ya kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. A shekarar 2000 mutum kusan miliyan 6 suka jefa ƙuri'a a jihar Fulorida, George W. Bush ya fi Al Gore da ƙuri'a 537, ya tafi da wakilai 25 duka, ya zama shugaba, alhali kuwa in an tara ƙasa baki ɗaya Gore ya fi shi da wajen rabin miliyan. Sau biyar ke nan wanda ya fi ƙuri'un jama'a yana rasa kujera: a 1824, 1876, 1888, 2000, da 2016.

Daga wannan aibi na uku ya tsiro. Da ya ke an san inda yawancin jihohi su kan faɗa tun kafin a buɗe akwati, 'yan takara ba su ɓata kuɗinsu a can. Sai su tare a 'yan jihohin da ba a san maci tuwo ba. A 2024 guda bakwai ne: Fensilbaniya, Mishigan, Wiskonsin, Jojiya, Arizona, Nebada, da Karolina ta Arewa. Sauran jihohi 43 sai kallo.

Waɗanda suka tsara wannan a 1787 suna da dalilansu. Ƙasar tana da faɗi, labari kuwa a bayan doki ya ke tafiya. Ƙananan jihohi suna tsoron manya su haɗiye su. Jihohin kudu kuma suna da bayi masu yawa waɗanda ba su jefa ƙuri'a, aka yarda a lasafta bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, rabon wakilan zaɓe kuma ya bi wannan lissafi. Masu kare tsarin a yau su kan ce yana tilasta wa ɗan takara neman goyon baya a sassa da yawa, kada ya dogara ga manyan birane kaɗai. Wannan buƙata ce ta gaskiya, amma akwai hanyar biyan ta ba tare da tauye ƙuri'ar kowa ba. Nijeriya, da ta ari mulkin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, ta bar wakilan zaɓe a can. Ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Amurkawa su kansu sun yi yunƙurin sake mudun. A 1969 Majalisar Wakilai ta yarda da haka, mutum 338 suka goyi baya, 70 suka ƙi, amma zancen ya mutu a Majalisar Dattawa a 1970. Gyaran babbar doka yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da yardar jihohi 38, jihar da ke cin moriyar abu kuwa da wuya ta sa hannu a rushe shi.

Shaidu biyu

Masu cewa Amurkawa sun ƙi mace shaidu biyu gare su, sai a saurari kowanne. Na farko zaɓen 2016. A wannan zaɓe Hillary Clinton ta sami ƙuri'a wajen miliyan 65.8, Trump kuwa wajen miliyan 63. Ta fi shi da kusan miliyan 3. Amma da aka ƙidaya wakilai shi ya sami 304, ita 227. Abin da ya raba gardama jihohi uku ne, Mishigan da Fensilbaniya da Wiskonsin, masu wakilai 46, inda in an haɗa ratar da ya ba ta ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. Da waɗannan sun juya, da ita aka rantsar. Ashe wannan shaida bai goyi bayan mai ƙara ba. Abin da ya faɗa shi ne, ran da aka fara ajiye mace da namiji a gaban Amurkawa, waɗanda suka nuna macen sun fi yawa, mudu ne ya ba namijin.

Har wa yau akwai waɗansu abubuwa da suka yi mata nauyi waɗanda ba su shafi zamanta mace ba. Jam'iyyarta ta riga ta yi shekara takwas a kan mulki, tun daga 1952 kuwa sau ɗaya tak wata jam'iyya ta ci zaɓe uku a jere, a 1988. Kwana 11 kafin zaɓe shugaban hukumar bincike ta FBI ya aika wa Majalisa takarda ya ta da zancen wasiƙunta na imel. Ita kanta kuma, bayan da jam'iyya ta tsai da ita, ba ta taka jihar Wiskonsin neman ƙuri'a ba har aka yi zaɓe.

Shaida na biyu zaɓen 2024, shi ya fi ƙarfi. A nan Kamala Harris ta faɗi ta kowace fuska. Ta sami wajen miliyan 75, Trump fiye da miliyan 77, wakilai kuwa 312 da 226, ya kuma kwashe jihohi bakwai ɗin nan duka. Ba a iya ɗora wa mudu laifin wannan. Amma mai adalci zai duba halin da ta shiga takarar. Shugaba Joe Biden bai janye ba sai ran 21 ga Yuli, ta gaji tuta saura kwana 107. Ita ce Mataimakiyar Shugaba a gwamnatin da tsadar kaya ta kai kashi 9 cikin 100 a tsakiyar 2022, talaka kuwa ba ya manta kuɗin da ya biya a kanti. A shekarar nan ta 2024 masu mulki sun sha kaye a Ingila da Botsuwana da Gana, waɗanda suka riƙe musu tuta kuma duk maza ne. Ba wanda ya ce an ƙi su don su maza ne.

Wani abu kuma ya faru a wannan rana da ya kamata a lura da shi. Mutanen Mishigan da suka ba Trump rinjaye, a takarda ɗaya suka zaɓi mace, Elissa Slotkin, ta wakilce su a Majalisar Dattawa. Haka Wiskonsin ta mai da Tammy Baldwin, Nebada ta mai da Jacky Rosen. Mata kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba, gama a zaɓen 2016 da na 2024 fiye da huɗu cikin goma na matan da suka jefa ƙuri'a Trump suka zaɓa. Alƙalin da ya yanke hukunci a kan al'umma mai mutum fiye da miliyan 330 da shaidu biyu irin waɗannan, ɗaya ma ya ƙaryata mai ƙara, lalle ya yi gaggawa.

Ɗaya gefen

Amma fa akwai waɗansu masu cewa zama mace ko namiji bai taɓa zama komai ba a siyasar Amurka, su ma maganarsu ba ta tsaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Matan ƙasar ba su sami ikon jefa ƙuri'a a dukan jihohinta ba sai a 1920, shekara 131 bayan naɗa shugaba na farko. A 1872 an kama Susan B. Anthony don ta jefa ƙuri'a, aka ci ta tarar dala 100. A wannan shekarar ce Victoria Woodhull ta ce tana neman shugabanci, aka mai da ita abin dariya. Margaret Chase Smith ta nemi tutar Rifablikan a 1964, Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko a Majalisa, ta nemi ta Dimokurat a 1972, ba wadda ta kusa samu.

Akwai wata ma'aikata a Amurka mai suna Gallup, aikinta bin mutane tana tambayar ra'ayinsu. A 1937 ta tambaya ko za su zaɓi mace shugaba in ta cancanta ta sauran fuskoki duka. Kashi 33 cikin 100 ne suka amsa. Mai karatu ya lura da yadda aka gina tambayar, gama tun kafin a amsa ta riga ta lasafta zama mace cikin aibobi. A 2019 masu cewa za su zaɓa sun kai kashi 94. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai abin da mutum ya faɗa wa baƙo a ƙofar gida ba lalle ne shi ya ke yi a ɗakin ƙuri'a ba. Ko an karɓi lissafin yadda ya ke, 'yan kaɗan ɗin da suka rage sun isa su juya zaɓe a ƙasar da ƙuri'a 80,000 su ke naɗa shugaba. Nan ne aibin mudu da aibin zuciya suka haɗu: da ya ke 'yan jihohi kaɗan ne ke yanke hukunci, ƙyamar da ba ta taka kara ta karya ba a ƙasa baki ɗaya tana iya zama ita ce mai raba gardama.

Ita kujerar ma tana da nata hali. Shugaban Amurka shi ne babban kwamandan mayaƙa, na farkonsu kuwa janar ne, waɗansu da dama bayansa ma daga fagen fama suka fito. Mutumin da ya yarda mace ta zauna a majalisa cikin mutum ɗari, mai yiwuwa ne ya yi ɗari-ɗari in an ce ita kaɗai za ta riƙe takobin ƙasa. Saboda haka zaɓen Slotkin da Baldwin ya rushe zancen ƙiyayya ta gaba ɗaya, amma bai wanke kowa sarai ba.

Ƙofar shiga

In ana neman inda babbar matsala ta ke, sai a koma baya ga ranar zaɓe, a duba ƙofar da a ke shiga takara. Talaka ba ya iya zaɓen wanda ba a ajiye masa ba. Cikin zaɓe 60, a 58 ba a ajiye masa mace daga manyan jam'iyyu ba. Shugabannin Amurka yawanci daga gwamnoni da 'yan Majalisar Dattawa da mataimakan shugaba da janar-janar su ke fitowa, waɗannan wurare kuwa sun daɗe a hannun maza. Sai a 1974 aka zaɓi mace gwamna wadda ba matar wani gwamna ba ce, Ella Grasso ta jihar Konetikat. Sai a 2021 mace ta zama Mataimakiyar Shugaba. A 2025 mata kamar kashi ɗaya cikin huɗu ne na Majalisar Dattawa. Ga kuma kuɗi, gama takarar shugabanci tana cin dala miliyan ɗaruruwa, masu ba da kuɗin kuwa su kan nemi wanda su ke zaton zai ci, zatonsu kuma daga abin da ya wuce ya ke fitowa.

Sauran ƙasashe sun nuna yadda faɗin ƙofa ke sake labari. Inda majalisa ke fid da Firayim Minista, mata sun daɗe da hawa: Sirimavo Bandaranaike a Silan a 1960, Indira Gandhi a Indiya a 1966, Margaret Thatcher a Ingila a 1979, Angela Merkel a Jamus a 2005. Inda jama'a ke zaɓen shugaba kai tsaye ma an gani. Laberiya, wadda ta kwaikwayi tsarin Amurka tun kafuwarta, ta zaɓi Ellen Johnson Sirleaf a 2005. Meziko maƙwabciyar Amurka ce, matanta ba su sami ƙuri'a ba sai a 1953, shekara 33 bayan na Amurka. Amma ta kafa doka cewa jam'iyyu su raba takarar majalisa daidai tsakanin maza da mata. Da aka zo zaɓen 2024 manyan 'yan takara biyu duk mata ne, Claudia Sheinbaum ta ci da kusan kashi 60 cikin 100. Mutanen Meziko ba a sauya musu zuciya dare ɗaya ba. An cika majalisa da ofisoshi da mata ne, har ganin mace a kan kujera ya daina zama abin kallo.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Matan Arewacin Nijeriya ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya ba sai a 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman haƙƙin nan. A 2011 Sarah Jibril ta nemi tutar jam'iyyar PDP, wakilai dubbai suka taru a Abuja, ta tashi da ƙuri'a ɗaya. A can ma, kamar a Amurka, tun a ƙofar jam'iyya aka tsai da zancen, talaka bai ko ji ƙamshinsa ba.

Haɗarin maganar da aka fara da ita shi ne tana iya gaskata kanta. In manyan jam'iyya da masu kuɗi suka ɗauka cewa mace ba ta ci, ba za su sake tsai da mace ba. In ba su tsayar ba, ba wadda za ta ci, sa'an nan su juyo su ce ai sun faɗa. Ta haka ƙasa za ta yi hasarar rabin masu basirarta a kan hukuncin da ba a tabbatar ba. Abin da lissafi ya nuna a fili shi ne mutum miliyan 65.8 sun taɓa zaɓen mace a Amurka, bayan shekara takwas kuma miliyan 75 suka sake yin haka. Ko ƙasar za ta naɗa mace ko ba za ta naɗa ba, ba za a sani ba sai an ci gaba da ajiye mata a gaban masu ƙuri'a, kowace a auna ta da aikinta da halinta kamar yadda a ke auna maza, waɗanda su ma sun sha faɗuwa ba a taɓa cewa a daina tsai da namiji ba.